Shekarar da Madam Yelwa Ta Raba Aji Biyu

Duk wanda ya girma a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Duwala, ya san takun Madam Yelwa tun kafin ya san fuskarta. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, takalmanta na roba suna fas-fas a kan katakan da ake gindayawa bisa lambatu. Zama ne dai Allah bai hore mata ba. Ko gidan suna ta je, da ta gama gaisuwa sai ka ga ta miƙe ta shiga madafa, tana tambayar wa ya bar wuta haka a ƙarƙashin shinkafa.

Kakanta bafataken goro ne daga ƙasar Katsina. Ya sauka Duwala da niyyar wata uku, a nan aka binne shi bayan shekara arba'in. Ɗansa Malam Sirajuddeen, mahaifin Yelwa, ya fara da karantar da yaran unguwa a zaurensa. Daga baya ya gaji da ganin dattawa masu gemu a tsaye ƙofar ofis suna roƙon a cike musu takarda da Faransanci, sai ya ƙara ɗakuna biyu ya ɗauko malamin boko. An zage shi a kan haka ba kaɗan ba. Don ya rufe bakin mutane, 'yarsa ta fari ya fara zaunarwa a benci.

Yelwa ta yi karatu har ta samu aikin buga takardu a wani kamfanin jiragen ruwa. Shekara bakwai ta yi a kan kujera mai juyawa, a ɗaki mai sanyi, kuma takan ce ba ta taɓa shan wahala irin ta shekarun nan ba. Da idon mahaifinta ya tafi, ta ajiye aikin ta karɓi alli. A hannunta makarantar ta kai aji shida da malamai bakwai. Shugabanci bai hana ta riƙe ajin ƙanana masu koyon baƙaƙe ba, kuma ba ta koyarwa daga gaban allo. Tsakanin bencina take yawo, ta dafa kan wannan, ta kama hannun wancan ta ja masa harafi. Takan gane yaron da bai karya kumallo ba daga yadda ya riƙe fensir.

A watan Maris na shekarar 2020, tana da shekara hamsin da bakwai, cutar korona ta shigo, aka rufe makarantu. Ta sa kwaɗo a ƙofa da hannunta ta koma gida. Mijinta Alhaji Bukar mutum ne mai sanyin hali, ya riga ya yi ritaya, zaman bai dame shi ba. Ita kuwa a satin farko ta wanke labulayen gidan kaf, a na biyu ta sauya wa kujerun falo wuri sau uku.

"Hajiya," in ji shi wata safiya, "tabarmar sallata nake nema. Jiya a nan take."

"Na ɗaga ta, Alhaji. Wurin bai dace da ita ba."

"Shekara talatin tana wurin."

"To shekara talatin bai dace ba."

Kullum da hantsi sai ta ɗauki lema ta je makarantar, ta zaga azuzuwan da babu kowa, ta rufe, ta dawo.

Cikin Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, aka kira shugabannin makarantu taro. Farkon Oktoba za a koma, aka ce, amma aji kada ya wuce yara hamsin. Inda suka fi haka a raba su, rabi su zo da safe, rabi da rana, sauran karatun kuma a bi su da shi gida ta waya ko kwamfuta. Yelwa tana can baya da takunkumi a baki, wanda mutanen Duwala ke kira kashine, tana lissafi da yatsu. Ajinta kaɗai yara tamanin da huɗu ne. Ba ta jira an rufe taro ba. Ta fito ta tare bensikin, wato ɗan acaɓan garin, ta ce ya kai ta wurin Yusufa kafinta.

Bencinan makarantar dogaye ne, tun na zamanin mahaifinta, yara biyar kan matsu a kowanne. Ta sa Yusufa ya yanka kowanne biyu. Ta tsinko igiyar shanya ta auna mita ɗaya, ta bi ɗaki ɗaki tana zana da'ira da jan fenti inda kowane benci zai tsaya. Sau biyu ruwan lambatu ya cika ya shigo ajin ƙarshe ya wanke fentin kafin ya bushe, sau biyu tana sakewa. Ta sa aka liƙa wa bokitai shida famfo don wankin hannu, aka fasa bangon aji huɗu aka yi taga. Wannan duk aikin hannu ne, ta san kansa. Abin da ya hana ta sukuni shi ne rabin karatun da aka ce a aika gida.

Ƙaramin malamanta, Usaid, ɗan shekara ashirin da shida ne, ya gama jami'a bai samu aikin ofis ba, ya karɓi aji biyar. Shi ta tura horon kwana uku da aka shirya wa malamai. Ya dawo da kwamfutar aro da baki cike da sababbin kalmomi. Ta tara malaman, ya tsaya gabansu yana bayani, rabi Hausa rabi Faransanci: yadda za a ɗauki darasi a bidiyo, yadda yaro zai ɗauki hoton aikinsa ya turo.

Wasu suna rubutawa. Malam Audu kuwa ya naɗe hannu a ƙirji. Shi ne dattijon makarantar, mai koyar da Larabci da lissafin ƙananan aji. Ɗalibin Malam Sirajuddeen ne kafin ya zama malami, ya san Yelwa tun tana rarrafe.

"Yaro," ya ce wa Usaid, "in na yi magana a cikin abin nan, wa zai gaya mini sun gane?"

"Za su turo amsa, Baba Malam."

"Amsa daban, ganewa daban. Ni ido nake kallo."

Yelwa, wadda ke kai da kawowa a bakin ƙofa, ta ce, "Baba Malam, ni ma ido nake kallo. Amma rabin yini kaɗai za a ba mu idon. Sauran rabin mu bar su haka nan?"

Washegari Malam Audu ya sake zuwa.

Sati biyu suna fama. Usaid ya ɗauki bidiyo huɗu masu kyau, da rubutu mai launi yana fitowa a gefe, ya tura wa iyayen aji biyar don gwaji, gida sittin da ɗaya. Bayan kwana uku ya shigo ofis ya ajiye wayar a gabanta, fuska a murtuke. Mutum bakwai ne suka buɗe.

"Ba su damu ba ne, Madam. Ils s'en fichent," ya maimaita da Faransanci.

"Ka tambaye su?"

"Na rubuta musu sau uku."

"Ka rubuta wa mutanen da suka kawo mana 'ya'yansu saboda su ba su iya karatu ba." Kafin ya amsa ta riga ta ɗauki lemarta.

Kwana huɗu ta yi tana bin lunguna gida gida, zani a tattare saboda taɓo. Labarin kusan ɗaya ne ko'ina. Babbar waya ta maigida ce, kuma tana aljihunsa a kasuwa. Inda wayar ke gida, wuta ta ɗauke tun jiya. A wani gida yara huɗu ne, aji daban daban, a kan waya ɗaya mai fasasshen gilashi.

A rana ta huɗu ta shiga gidan Inno, wata Bafulatana mai yara uku a makarantar. Mijinta ɗan dako ne a kasuwar Sandaga, yana fita kafin asuba sauke albasa da tumatir, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Inno na wanki a ƙarƙashin rumfa. Ta miƙo kujera, Yelwa ta yi godiya ta ci gaba da tsayuwa.

"Madam, wayar tana wurin babansu," in ji Inno. "In ya dawo yara sun yi barci. Shi ma ya gaji, ba ya son a taɓa."

Yelwa na saurare, amma kunnenta na wani wuri. A kan taga akwai wata 'yar jar rediyo, ba ta fi tafin hannu biyu ba, wani malami na fassara hadisi a ciki. Autar Inno, mai shekara biyar, tana wasa da murfin kwalba tana bin malamin kalma da kalma, har da tarin da yake yi a tsakiya.

"Wace tasha ce wannan?"

"Ba tasha ba ce, Madam, kati ne. A bakin masallaci ake zuba wa'azi a kati, sai a sa a ciki. Kullum shi muke ji."

"Caji fa?"

"In aka yi sau ɗaya, tana kwana uku."

Sai a lokacin Yelwa ta tuna ta ga irin rediyon nan a kusan kowane gida da ta shiga, a kan taga ko rataye a ƙusa. Ko a ɗakin Alhaji akwai. Ta fice ba ko sallama, sai da ta kai bakin lungu ta dawo ta ɗauki lemarta, ta ce wa Inno a gafarce ta.

Da ta kawo maganar zuba darussa a katin rediyo, Usaid bai ji daɗinta ba. Ya ce duniya na yin gaba su kuma za su koma rediyo, yaro ba zai ga allo ba, ba zai ga hoto ba.

"Zai ga littafinsa," in ji ta. "Da safe ka nuna masa shafin a aji, da rana muryarka ta bi shi gida ta ce buɗe shafi na tara. Bidiyonka ba mu zubar ba, masu waya su kalla. Amma ni da gidaje hamsin da huɗun nan da ba su buɗe ba nake."

Ya ce in haka ne kada darasi ya wuce minti goma sha biyu, kuma a bar gurbin shiru bayan kowace tambaya don yaro ya amsa. Ta dube shi ta ce wannan kam bai zo mata a rai ba. Mai zuba wa'azin ma ya yarda, iyaye su kawo katinsu kowace Juma'a bayan salla a zuba musu darussan sati.

Ɗaukar muryar ta zama wani sabon fama. Rufin makarantar kwano ne, da ruwa ya sauko ba a jin komai sai ƙara. Yelwa takan tsaya a tsakar makaranta tana duban gajimare, da an tsagaita sai ta tafa hannu, malami ya fara. Bensikin ya wuce da hon, a sake. Akuyar maƙwabta ta shiga darasin aji uku sau biyu, a na ukun suka ƙyale ta.

Da aka zo kan Malam Audu abin ya tsaya cik. Mutumin da ya shekara arba'in da biyar yana cika aji da murya, aka ajiye masa waya a tebur, ya yi bisimilla, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Na uku ma haka. A karo na huɗu ya miƙe ya nufi ƙofa.

"Yelwa, ki nemi wani. Ni ban iya yi wa tebur magana ba."

Ranar ce kaɗai malaman suka ji ya kira sunanta gatsal a gabansu, ba Madam ba. Ta sha gabansa.

"Baba Malam, don Allah koma ka tsaya gaban allo." Ta juya wurin sauran. "Ku kuma kowa ya kama benci."

Suka zazzauna a yankakkun bencinan yara, gwiwa na taɓa ƙirji. Ita ma ta zauna a gaba, ta ɗaga hannu, ta ƙanƙance murya.

"Malam, bakwai a tara da biyar, goma sha uku ne ko?"

Dattijon ya dube ta. Gefen bakinsa ya motsa.

"Wa ya gaya miki? Kawo yatsunki. Ƙirga mini in ji."

Shi ke nan bakin ya buɗe. Ya yi minti ashirin bai tuna ana ɗauka ba, yana tsawa, yana sa albarka, yana kiran Usaid daƙiƙi saboda ya ce takwas da takwas sha biyar. Da aka kunna masa ya ji, ya ce muryar ba tasa ba ce, ta wani tsoho ce. Daga ranar haka aka riƙa ɗaukar kowane darasi, malami ɗaya a gaba, sauran su zama yara.

Saura kwana goma sha biyu a koma, ta samu labarin wasu gidaje uku sun tashi daga New Bell sun koma unguwar Sodiko, can ƙetaren gadar kogi. Ba wanda ya aike ta. Ta hau mota ta nemo su, ta sa iyayen suka yi alkawarin dawo da yaran. A hanyar dawowa, saura taku kaɗan ta kai ƙofar makaranta, ta taka katakon da ta shekara talatin tana takawa. Ashe ruwa ya cinye cikinsa. Ya karye, ƙafarta ta dama ta faɗa lambatu ta lanƙwashe, aka ji ƙas.

A asibiti aka ɗaure ƙafar, likita ya ce sati shida kada ta taka ƙasa. 'Yarta Rahma, wadda ke aikin ofis, ta san in aka bar uwarta a New Bell ko da rarrafe sai ta je makaranta. Ta haɗa baki da Alhaji, aka ɗauke ta zuwa gidan Rahma a Cité des Palmiers, bene hawa na biyu, nesa da komai.

Aka ajiye ta a doguwar kujera kusa da taga, ƙafa a kan matashi, waya a hannu. Ba ta taɓa sanin yini na da tsawo haka ba. Takan sa Usaid ya kunna bidiyo ya zaga da ita aji aji. "Matso da bencin nan. A'a, hagu. Bokitin aji biyu na ɗiga, ba ka gani?" A kan kujerar ta rubuta jerin 'yan safe da 'yan rana bisa tsarin baƙaƙe, masu sunan farkon baƙaƙe safe, sauran rana, ta ɗauki hoto ta tura masa.

Wata rana ta kira sau goma sha ɗaya kafin azahar. A na sha biyu ba muryar Usaid ta ji ba.

"Madam, ni ne."

"Baba Malam? Kai ne da waya?"

"Ni ne. Yaron nan tun safe yana riƙe da ke a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Ki sake shi ya yi aiki. Mahaifinki da ya ba ki makulli, bai riƙa tambayarki inda kika ajiye tsintsiya ba."

Bai san yadda ake kashe wayar ba, don haka ta ci gaba da jin takunsa da ƙarar guduma har wani lokaci. Ta kife wayar a cinya. Da Rahma ta dawo daga aiki, ta same ta ta warware kitson 'yar tsanar jikarta tana sake kitsawa, idanu jajur.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Kawo mini wake in tsince."

Ranar Litinin ɗin komawa, tun ƙarfe shida ta yi wanka ta ɗaura sabon zani ta zauna a kujerarta. Ta ɗaukar wa kanta ba za ta kira ba. Usaid ne ya kira da kansa ƙarfe bakwai da rabi, ya jingina wayar a kan tebur a ajinta, wanda Malama Hapsatu ta riƙe mata. Ta ga yara kusan arba'in, bibbiyu a benci, kowa a ƙarshensa, kashine ya rufe rabin fuskokinsu. Wani a layi na uku ya dunƙule fensir kamar muciya. Hannunta ya miƙa da kansa ya bugi gilashin wayar.

"Hapsatu! Na layi na uku, mai koren kashine, gyara masa..."

Hoton ya daskare, rezo, wato layin waya, ya ɗauke. Ta kira, ba ya shiga. Ta sake, ba ya shiga. Daga ƙarfe takwas har la'asar ba ta san abin da ke faruwa a makarantar mahaifinta ba. Ta ja jiki da sanda zuwa taga, ta dawo, ta koma. Ta gama da wake ta kama tsintar shinkafa.

La'asar sakaliya Usaid ya iso da kansa, riga a jiƙe, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce an sha hayaniya wajen canji, 'yan safe na fita 'yan rana na shiga ta ƙofa ɗaya, sai da suka buɗe ta baya. Sabulu ya ƙare kafin sha ɗaya. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Madam, na canza jerin."

"Wane jerin?"

"Naki, na safe da rana. Tun ranar Alhamis."

"Da izinin wa?"

"Iyaye mata ne suka zo. Jerin ya raba 'yan gida ɗaya, Affan safe, ƙanwarsa Naja'atu rana. Uwa za ta yi rakiya sau huɗu a yini. Sai na haɗa su gida gida, su zo tare su koma tare, su saurari kati tare, babba ya taimaki ƙarami."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Baba Malam ya ce in bari sai an ga ya yi."

Ita ce ta shiga gidajen nan da ƙafarta, ita ta ga yadda suke. Amma da ta zauna rubuta jerin, sai ta rubuta shi kamar yadda take buga takardu a ofis. Abin ya yi mata ciwo, ta kuma san yaron ya fi ta gaskiya.

"Rahma," ta ɗaga murya, "zubo wa Malam Usaid abinci."

Ba ta taɓa haɗa sunansa da Malam ba sai ranar.

Tsakiyar Nuwamba ta koma, tana dogara sanda. Ta tarar an sauya wa bokitan wuri, an kafa allo a bakin ƙofa mai nuna darussan sati. Ta zaga ta dudduba, ta mayar da bokiti ɗaya inda yake da, ta bar sauran. Kama hannun yara kuwa ba ta iya dainawa ba, sai dai ta riƙa wanke hannu tsakanin yaro da yaro har fatar yatsunta ta tsattsage.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wasu katunan sun ɓace, a wasu gidajen an goge darasi an zuba waƙa. 'Yan aji shida sun ci jarrabawa ba laifi, 'yan aji uku kuwa sun fita shekarar da rauni, sai da aka yi musu ƙarin darasi a hutu. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yara goma sha tara da ba su dawo ba sam. Da sandarta ta bi su. Wasu an sa su tsaron shago, wasu an tura su ƙauye wurin kakanni. Kafin ƙarshen shekara ta dawo da goma sha biyu. Shida ta tabbatar suna wata makarantar. Ta ƙarshen, Jannat 'yar aji huɗu, an ce iyayenta sun koma garin Garwa can arewa, kuma babu mai lambarsu.

Da aka koma karatun yini guda, Malam Audu ya ajiye alli, ya ce ya isa haka. Yakan zo ranar Laraba ya zauna a inuwa ya saurari aji ta taga. Yelwa ta naɗa Usaid mataimakinta, suna faɗa kusan kowane mako, galibi a kan jadawali. Ƙafar ta warke, sai dai da damina takan yi mata tsami.

Maganar Jannat ce ba ta bari ba. Duk wanda ta ji zai yi arewa, biki ko ta'aziyya ko sarin kaya, sai ta tare shi ta rubuta masa sunan yarinyar da na mahaifinta a 'yar takarda, ta ce in ya isa Garwa ya tambaya ko an sa ta makaranta. Mutum biyu sun dawo sun ce sun ji mai irin sunan, ɗaya ya ce a Marwa ne ba Garwa ba. A lissafin Yelwa, yarinyar yanzu ta isa sakandare. Ko makon jiya sai da ta ba wani direban babbar mota takardar.